Tushen Waƙa da Labari a Rayuwar Yau da Kullum: Nasiha ga Matasa Masu Fasaha

Kowace waƙa, kowane labari da kowane zane akwai abin da ya haife shi. Baiwa daga Allah take, ba a sayenta a kasuwa, amma baiwa ita kaɗai ba ta ba mai ita abin da zai faɗa. Abin faɗa yana fitowa ne daga abin da ido ya gani, kunne ya ji, zuciya ta ɗauka ta kasa saukewa. A ƙasar Hausa an daɗe ana jingina fasahar manyan makaɗa ga aljanu ko asiri. Da zarar mutum ya yi zarra sai a ce ai akwai mai ba shi. Maganar tana da daɗin ji a wajen hira, amma tana cutar matashi mai koyo, don takan sa ya zauna a ɗaki yana jiran ilhama ta sauko masa. Wanda ya bi ayyukan magabata ɗaya bayan ɗaya zai tarar yawancinsu a tashar mota aka samo su, ko a kasuwa, ko a tsakar gida, ko a bakin gadon majinyaci.

Rayuwar Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ta isa misali. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai Sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Daga nan sunan da duniya ta san shi da shi ya samo asali. Ya tashi a garin 'yan ci-rani, cikin masu haƙar kuza da leburori da 'yan tireda da direbobi, kowa ya baro garinsu ya zo neman abin kai wa baka. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya dawo gida ya haɗa nasa.

Kuntigi ba wani kayan kiɗa ne na a zo a gani ba. Gwangwanin kifi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa siririyar sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tal. Mai kaɗa shi ba ya tafiya da 'yan amshi, shi ne makaɗi shi ne mawaƙi. Da wannan ɗan abu Ɗan Maraya ya zagaya ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa a watan Yunin 2015 bai sake shi ba. Yana da kyau matashin da ke cewa rashin situdiyo ko rashin kwamfuta ne ya hana shi fara aiki ya tuna da wannan.

Abin da ya bambanta Ɗan Maraya da yawancin makaɗan zamaninsa shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. A lokacin hanyar samu a bayyane take: a wasa sarki, a wasa attajiri, a karɓi riga da doki ko mota. Shi ma ya yi wa manya waƙa, amma ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fara fito da shi, kuma har yau ake tunawa da shi a kanta, ita ce ta karen mota. Duk wanda ya taɓa bin babbar mota ya san wannan yaro. Shi ke tashi tun da asuba ya duba ruwa da mai, ya hau bisa ya loda kaya, ya ɗaure su da igiya. Idan mota ta tsaya a gangare shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya. Idan an yi faci shi ne a ƙasa cikin ƙura, idan dare ya yi a hanya maigida ya tafi masauki, shi ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ya kwana yana gadi. Rigarsa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, fasinja na ƙyamar ya goge su. Dubban mutane suna wuce irinsa kullum ba su ko ɗaga ido. Mawaƙi ɗaya ya tsaya ya dube shi da idon mutunci, ya ga akwai abin faɗa.

Wannan tsayawa a duba ita ce rabin sana'ar mai fasaha, kuma koyonta ake yi, ba a haifar mutum da ita a cike. A waƙoƙinsa na zaman aure Ɗan Maraya yakan sauya murya, ya yi ta miji, ya koma ya yi ta mata, ya yi ta magulmaciyar unguwa, har mai sauraro ya riƙa cewa wallahi kamar a gidan wane aka ɗauko. Ba a iya haka sai an daɗe ana sauraron yadda mutane suke magana da gaske: inda mace take jan kalma idan ta yi fushi, yadda namiji yake kauce wa tambaya idan ba shi da gaskiya, irin rantsuwar da mai gulma take fara zance da ita. Matashin da ke son rubuta labari ko fim ya kamata ya riƙa zama a inda ake magana, ya rage tasa, ya buɗe kunne. Teburin mai shayi, layin ɗiban ruwa, zauren da ake sasanta rikici, bencin asibiti, duk makarantu ne da ba a biyan kuɗin shiga.

Soyayya ita ce tushen da matasa suka fi rugawa gare shi, ita ce kuma inda aka fi yin aikin da ba ya daɗewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da yawa ba daga soyayya suke ɗauko waƙar soyayya ba, daga wata waƙar suke ɗaukowa, ita ma daga wata aka ɗauko ta, har a dangana da finafinan Indiya da aka fara nunawa a silimun Kano da sauran birane shekaru aru-aru. Sai a tarar da waƙa ɗari duk kalmominsu ɗaya: zuciya, hawaye, fure, tauraruwa, mutuwa idan an rabu. Ana jin su a biki, a yi rawa, sati biyu a manta. Alhali soyayyar da ake yi a unguwa cike take da abin da ba a taɓa ba tukuna. Akwai saurayin da ke tsaye a ƙofar gida bayan isha'i, ya aiki yaro ya yi masa sallama da ita, bakinsa yana murmushi, ransa yana lissafin kuɗin lefe. Akwai yarinyar da ta jiyo ana ambaton sunan wani mai hali a ɗakin mahaifiyarta, ta fahimci abin da ake shiryawa tun ba a gaya mata ba. Akwai dattijon da ke jiƙa wa matarsa magani da hannunsa, yana rage murya kada jikoki su tashe ta, wanda wataƙila a tsawon zamansu bai taɓa furta mata kalmar so ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran wuyar rubutawa, amma shi ya fi shiga rai.

Waɗanda aikinsu na soyayya ya tsaya da ƙafarsa, kusan dukansu daga abin da suka sani suka ɗebo. Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurminsa a waƙoƙin mata da soyayya, cikin Hausar da ake yi a kan titi. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a 1991, ya karɓu a hannun matasa ne saboda ya taɓa ciwon da kowane gida ya sani: 'yar masu hali tana son talaka, dangi suna son mai kuɗi. Balaraba Ramat Yakubu kuwa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, auren bai ɗore ba, ta dawo ta nemi ilimi da kanta. Lokacin da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne ba hasashe take yi ba. Shi ya sa littafin na biyu, da aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suka karanta suka gane abin da ake faɗa.

A nan akwai amanar da dole a tsare. Soyayya ta mutum biyu ce, amma alƙalami a hannun ɗaya yake. Mawaƙin da ya ambaci sunan yarinya da unguwarsu, ko marubucin da ya kwashe sirrin da aka gaya masa cikin yarda ya zuba a littafi yadda kowa zai gane mai shi, ya ci amana, komai daɗin abin da ya fitar. Shi zai samu suna, ita za ta rayu da surutun mutane, wataƙila har ya shafi aurenta. A zamanin Facebook da TikTok, inda abu yake zagaya duniya kafin a yi sallar la'asar, ɓarnar ta fi ta da girma, kuma ba a iya janyewa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɗauki abin da aka ji a zuciya, a sauya suna da wuri da kamanni, a bar mutum da rufin asirinsa.

So kuma bai tsaya tsakanin saurayi da budurwa ba. Mafi yawan rubutacciyar waƙar Hausa begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tsoron lahira suka haife ta. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙoƙinsa na Imfiraji sun ratsa ƙasar Hausa, har yau ana rera su. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum a kan biyayya ga iyaye. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi waƙoƙin ta'aziyya ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Rashi ma tushe ne, kuma babba. Matashin da ya rasa uwa ko aboki yana riƙe da abin da babu fim ɗin da zai ba shi, sai dai ya kamata ya bari zafin ya ɗan lafa kafin ya ɗauki alƙalami, domin kuka daban, waƙar kuka daban.

Tsakar gida wani tushe ne da maza masu fasaha suka daɗe suna rainawa. Tun kafin rediyo mata suke yin waƙa a kan turmi da dutsen niƙa, suna rarrashin goyo, suna habaici ga kishiya ko uwar miji ta hanyar da babu mai kama su da laifi. Daga cikin wannan duniya Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta fito. Kayan kiɗanta ƙwarya ce, irin wadda ake kifewa a kan ruwa a bugi bayanta, mata 'yan'uwanta suna amshi. Abin da ta yi waƙa a kai shi ne abin da ke faruwa a bayan zaure: haihuwa, kishi, da matar da ke zaune ba sana'a tana jiran komai daga hannun miji. Ta riƙa zaburar da mata su kama sana'a tun ƙungiyoyi ba su fara shirya taro a kan haka a otal ba. Ta rasu a 2013. 'Yan matan da ke rubutu yau suna da ƙofar shiga wannan duniya da namiji ba zai taɓa samu ba, abin takaici ne a ga sun bar ta suna rubuta labarin gidajen da ba su taɓa shiga ba, a biranen da ba su taɓa zuwa ba.

Sana'a ma haka. A al'adar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma a ranar gayya, 'yan dambe da makaɗansu, irin su Ɗan Anace da ya ɗaukaka sunan Shago. Makaɗin sana'a dole ya san aikin ciki da bai, ya san sunan kowane kayan aiki da kirarin kowane gwani, in ba haka ba masu sana'ar su yi masa dariya. Ba masu waƙa kaɗai abin ya shafa ba. Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane wadda hotonta yake jikin takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi sababbin dabaru na gasa tukunya, amma adon da take zanawa a jiki na ƙauyensu ne: ƙadangare, kunama, kifi, kada, tsuntsu. Da su tukwanenta suka shiga manyan wuraren baje koli a Turai.

Sabon abu ma yakan motsa mai fasaha. Aliyu Namangi ya yi waƙar keke. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya fara rayuwa da talla kafin kalangu ya ɗauke shi, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan Amurkawa sun sauka a duniyar wata a 1969. Karatu kuma yana ciyar da fasaha: Abubakar Imam ya ɗauko da yawa daga labaran Magana Jari Ce a littattafan Larabawa da na Turawa, amma da yake ya san fada da kasuwa da halin mutanensa, sai ya mayar da su tamkar a nan aka haife su. Aro halal ne ga wanda ya san gidan da zai kai abin aron.

Tushe mafi nauyi shi ne wahalar jama'a. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi ta ƙasar Gana a 1934, ya bar waƙa a kan talauci da wadata, inda ya zayyana yadda ake wulaƙanta marar shi a cikin mutane. Nana Asma'u ba ta tsaya ga rubutu ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijan mata masu ilimi a matsayin jaji, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙin da ta tsara don a haddace, kuma kyautar da ɗalibai suke kawowa ana raba ta ga mabuƙata. A wurinta waƙa da taimako aiki ɗaya ne. A zamanin baya-bayan nan hukumomi sun sha neman makaɗa idan ana son saƙo ya isa karkara: lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, da kuma doguwar gwagwarmayar rigakafin shan inna, wadda ta kai ga ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Aikin jinƙai yana ba mai fasaha abin da ba zai samu a ko'ina ba, idan ya shige shi da gaske. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu a yankin tafkin Chadi, daga Borno har Diffa. Wanda ya je sansanin 'yan gudun hijira sau ɗaya da kyamara zai ga tantuna da layin karɓar abinci, abin da kowa ya riga ya gani a talabijin. Wanda ya riƙa zuwa yana koyar da yara karatu, ko yana taya rabon kaya, shi zai ga sauran: matar da ta kafa kaskon ƙosai a bakin tantinta, dattijon da ya baro gonaki da shanu amma har yanzu ake kawo masa ƙara ya sasanta, mata zaune a inuwa suna ɗinkin hula don a kai kasuwa, yaran da suka yi ƙwallo da tsumma. A nan labari yake, domin a nan ne mutum ya fito a matsayin mutum, ba adadi a takardar rahoto ba. Lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira yake.

Wasu masu fasaha na Afirka sun wuce waƙar wahala sun sa hannu a maganinta. Ali Farka Touré na Mali, wanda duniya ta san shi da jita, ya zama magajin garin Niafunké a 2004, ya kashe kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da samar da wuta, kafin ya rasu a 2006. Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin jakadiyar UNICEF ce tun 2002, ta kuma kafa gidauniyar Batonga don ilimin 'ya'ya mata. Ba kowa ke da irin ƙarfinsu ba, ba kuma wannan ake nema ga mai farawa ba. Ba da jini a asibiti, koyar da marayun unguwa, taya kwashe laka bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, duk suna cikin ikon matashi.

Sai dai a nan ne haɗarin ya fi yawa, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. Wahalar wani ba haja ba ce. A watan Yulin 1985 an yi gagarumin bikin kiɗa na Live Aid a Landan da Filadelfiya don tara wa Habasha kuɗi lokacin yunwa. An tara dukiya mai yawa, amma har yau 'yan Afirka da dama suna kokawa da cewa hotunan yara masu kumburarren ciki da aka yi ta nunawa sun bar wa nahiyar tabon da ya daɗe bai goge ba. Irin wannan yana faruwa a ƙaramin mataki kullum a wayoyin mutane. Sai a ga matashi ya kai wa tsohuwa mudun shinkafa, ya kafa mata waya a fuska, ya sa ta yi kuka ta yi godiya, ya ɗora kiɗa mai sosa rai, ya watsa. Ita ta ci shinkafar kwana biyu, shi ya samu mabiya dubbai, jikokinta kuma su shiga makaranta ana nuna su. Addini ya yi horo da ɓoye sadaka, ya kuma hana a ɓata ta da gori. Mai fasahar da zai yi aiki a kan majinyaci, ko matar da ke fama da yoyon fitsari, ko almajiri, wajibi ne ya nemi izini na gaskiya, ya bayyana inda abin zai je, ya yarda a ce masa a'a. Idan yaro ne, izinin na waliyyinsa ne, kuma ko an bayar, rufe fuska ya fi.

Kuɗi ma yana da nasa tarko. Idan an yi waƙa ko wasa da sunan tara wa marayu ko waɗanda gobara ta shafa, to a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a sa amintattun mutane su shaida, a sanar da jama'a. Sunan da aka gina cikin shekaru, zargi ɗaya a kan kuɗin marayu ya isa ya rushe shi. Haka nan waƙar kwangila, wadda ƙungiya take biya a yi don wayar da kai. Ba laifi ba ne a karɓi ladan aiki, amma waƙar da aka harhaɗa daga takardar da wani jami'i ya miƙo, mawaƙin bai taɓa zama da uwar da ɗanta ya shanye ba, takan mutu ranar da kuɗin tallarta ya ƙare a gidan rediyo. Jama'a suna gane muryar wanda abin ya dame shi.

Saura yadda ake adana abin da aka samo, domin tunani yana da saurin gudu. Magabata da yawa sun dogara da ƙwaƙwalwa. An san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, amma wannan ya biyo bayan shekaru na yawo da sauraro da haddace sunaye da asalin mutane. Mai koyo ya fi dacewa ya riƙe ɗan littafi a aljihu, ko ya yi amfani da wayarsa, ya rubuta magana yadda aka faɗe ta, ba yadda ya ga ya fi kyau ba, tare da wuri da yanayin da aka faɗe ta. Ya rubuta sunayen abubuwa: sassan masaƙa, matakan jima, irin ciyawar da ake kira kaza a garin kaza. Yawancin abin da aka tara ba zai shiga aiki ba, wani kuma sai bayan shekaru zai samu gurbinsa. Wayar nan da ke taimakawa wajen adanawa ita ce kuma babbar mai satar lura, don wanda idonsa yake kanta a cikin mota ko a layin asibiti ya bar abin da ya fito nema yana wucewa ta gefensa.

Tsofaffi su ne rumbun da ya fi saurin ƙarewa. Kakar da ta san waƙoƙin daka da na reno, tsohon maharbin da ya san kirari, makaɗin ƙauyen da ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, duk ya kamata a je gare su da ladabi, a gaishe su, a zauna, a nemi izini kafin a kunna na'ura. Idan kuma wani abu nasu ya shiga waƙa ko fim, a ambaci sunan mai shi da garinsu a jikin aikin, a koma a nuna masa abin da aka yi, in an samu kuɗi a kai masa rabonsa, ko a kai wa magadansa idan ya riga mu gidan gaskiya.